Dodannin Hoton Iyayenmu: Mu Kwafe Su Da Kanmu Tun Ba Su Ruɓe Ba



Maganar da muke tafe da ita yau a kan dodon hoto ce, wato baƙin fim ɗin nan da mai hoto ke ajiyewa bayan ya wanke maka hotonka, wanda wasu ke kira nagatif. Idan ka ɗaga shi sama ka duba, za ka ga farar riga ta koma baƙa, baƙar fuska ta koma fara, shi ya sa aka ce masa dodo. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa riƙe shi a hannu ba. Ra'ayinmu shi ne, duk dodannin hoton da suka rage a gidajen Lafia, musamman manya-manyan nan na shagunan hoto na da, ya kamata mu kwafe su mu shigar da su kwamfuta, mu da kanmu, a cikin gidajen masu su, kuma a yanzu. Kada mu jira gwamnati, kada mu jira baƙo daga waje, kada kuma mu ɗauka cewa ɗaukar hoton hoto da waya a watsa a WhatsApp ya wadatar.

Mu fara da abin da ke cikin waɗannan akwatuna. Garin Lafia ya ga sauye-sauye da yawa a cikin shekarun da mai hoto ke yawo da kyamara. A zamanin Turawa muna ƙarƙashin Lardin Binuwai. A 1967 muka shiga Jihar Binuwai-Filato, a 1976 muka koma Jihar Filato, sannan ranar 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa, Lafia ta zama babban birninta. Marigayi Mai Martaba Isa Mustafa Agwai na ɗaya ya hau gadon sarauta a 1974, ya yi shekara 44 a kai har Allah Ya karɓi ransa a watan Janairun 2019, Mai Martaba Sidi Bage Muhammad na ɗaya ya gaje shi. A tsakanin waɗannan shekaru an yi naɗe-naɗen sarauta, an yi hawan salla, an yi saukar Alƙur'ani, an raka alhazai, an yi aure da suna ba iyaka, jirgin ƙasa ya yi ta tsayawa a tasharmu tsakanin Makurɗi da Kafanchan. Littattafan tarihi sun rubuta sunayen sarakuna tun daga Muhammadu Dunama. Amma fuskar ɗan dako a tasha, da irin ɗaurin ɗankwalin kakanninmu, da yadda Ƙofar Fada take kafin a yi mata gini na zamani, da yadda Bahaushe da Babarbare da Gwandara da Alago da Eggon suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a hoton makaranta, wannan ba ya cikin littafi. Yana cikin fim, in fim ɗin ya tsira.

Wani zai ce ai hotunan suna nan a albam da jikin bango. Gaskiya ne, wasu suna nan. To amma takardar hoto kwafi ce, dodon shi ne uwa. Takarda ta sha rana, ta sha hayaƙi, ta sha hannun yara, an yanke gefenta don ta shiga gilashi. Dodon kuwa, in bai lalace ba, yana riƙe da duk abin da kyamara ta gani ranar. A nan ne girman fim ke da muhimmanci. Ƙaramin fim ɗin da aka saba sawa a kyamarar hannu, mai milimita 35, kowane hoto a jikinsa milimita 24 ne a 36, bai fi tambarin wasiƙa da yawa ba. Masu shagon hoto na da kuwa, waɗanda ke kafa akwati a kan ƙafa uku su lulluɓa da baƙin ƙyalle, falle ɗaya suke sawa don hoto ɗaya, mai inci 4 a 5, ko 5 a 7, wani lokaci har 8 a 10. Waɗanda suka riga su ma a kan gilashi suke ɗauka. Falle mai inci 4 a 5 ya ninka hoton ƙaramin fim fiye da sau 13 a faɗi. Ma'ana, a hoton taron mutum hamsin za ka iya jawo fuskar wanda ke can layin baya ka gane shi, ka karanta rubutun allon shago, ka ga aikin allurar da ke wuyan babbar riga.

Matsalar ita ce fim ba ya jira. Wanda aka yi kafin wajejen 1951 zai iya zama na sinadarin naitiret, mai saurin kama wuta, wanda in ya kama ruwa ma da ƙyar yake kashe shi. Wanda ya biyo bayansa, da ake buga masa kalmar SAFETY a baki, na asitet ne. Shi ba ya da wannan haɗari na wuta, amma yana da cutarsa. In zafi da laima suka haɗu masa, sai ya fara fitar da wari mai tsami irin na khal, ya motse, ya kumbura, maganin hoton ya tattare ya rabu da robar. Da ya fara ba ya komawa baya, kuma warin da falle ɗaya ke fitarwa yana gaggauta lalacewar na kusa da shi. To ku duba inda muke. Daminarmu doguwa ce, daga wajejen Afrilu har Oktoba, ɗakuna na ɗaukar sanyin ruwa, fumfuna na cin maganin da ke jikin fim. In rani ya zo, ɗakin kwano ya zama tanda. Ga gara, ga ɓera, ga yoyon rufi. Ga kuma babbar gara, wato ranar da aka tashi rabon gado ko gyaran ɗaki, wani ya buɗe akwati ya ga baƙaƙen robobi masu wari, ya ce a kai bola.

Akwai abin da ya fi fim saurin ƙarewa, shi ne mutanen da suka san waɗanda ke cikin hoton. Hoton da ba a san ko wane ne ba, ko a ina, ko a wace shekara, rabin amfaninsa ya tafi. Tsohuwar da za ta kalli fuska ta ce wannan ai wance ce, 'yar gidan wane a Sabon Pegi, ranar da aka kai ta ɗaki, yau tana raye. Ba mu da tabbacin baɗi. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa muka ce a yi aikin a gida. Ƙwararre daga Abuja ko Landan zai fi mu na'ura, amma bai san kowa a hoton ba.

Duniya ta riga ta nuna mana darajar irin wannan kaya. A Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a 1948, yana ɗaukar mutanen gari a kan manyan fallaye masu santimita 13 a 18, ya kuma adana dodanninsa da kyau. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a birnin New York ba tare da sunansa ba, an rubuta cewa ba a san mai ɗaukar ba. Daga nan aka bi sawu aka gano shi, hotunansa suka zagaya duniya, har aka yi musu gagarumin baje koli a Faris a 2016. Amma bayan rasuwarsa a 2001 an daɗe ana jayayya a kan wa ke da iko da dodannin da aka fitar zuwa Turai. A nan Najeriya, Cif Solomon Osagie Alonge, mai ɗaukar hoton fadar Oba na Benin, ya bar dubban hotuna har da na gilashi. Yau kayansa suna gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washington na Amurka, inda aka baje su a 2014, sai a 2017 aka kawo baje kolin Benin, mutanen gari suka je suna gane iyayensu. Darasi biyu muka ɗauka a nan. Na farko, abin da muke gani tarkace wasu sun san dukiya ce. Na biyu, in uwar ta bar gari, sai dai a ara maka kallo.

Akwai kuma misalin da ya fi kusa da abin da muke nufi. A garin Mbouda na Kamaru, an kwafe dubban dodannin wani mai shagon hoto, Jacques Toussele, a ƙarƙashin shirin ceto tsofaffin takardu na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004. Ƙa'idar wannan shiri ita ce kayan asali ba sa barin ƙasarsu, kwafi ake ɗauka, a kuma bar kwafi a gida. In har masu kuɗin waje sun yarda da wannan ƙa'ida, mu masu kayan mun fi cancanta mu riƙe ta.

YADDA AIKIN YAKE

Ba aikin da ya fi ƙarfinmu ba ne. Hanya biyu ce.

Ta farko ita ce sikana, amma ba kowace ba. Sikanar da ke shagunan buga takardu daga ƙasa take haskawa, don takarda aka yi ta. Fim kuwa sai haske ya ratsa shi, saboda haka ana buƙatar wadda ke da fitila a murfinta. Ko a cikin masu fitilar ma a kula. Epson V600, alal misali, fitilar murfinta siririya ce, ta ƙanana da matsakaitan fim. Irin su V700 da V800 da V850 su ne ke ɗaukar falle har mai inci 8 a 10. Suna da tsada, ba kuma a ko'ina ake samunsu ba, don haka duk mai niyyar saye ya tabbatar da faɗin fitilar kafin ya ba da kuɗi.

Ta biyu, wadda muke ganin ta fi dacewa da mu, ita ce kyamara. Kusan duk mai ɗaukar hoton biki a garin nan yana da kyamarar zamani mai kyau. Ana samun fitilar LED mai faɗi, shimfiɗaɗɗiya, mai haske bai ɗaya, irin wadda masu zane ke ɗora takarda a kai. A kwantar da ita a tebur, a ɗora fim, a kafa kyamara a sama tana kallon ƙasa sak ba karkacewa, a rufe sauran hasken da ke gefe da baƙar takarda, a kashe fitilar ɗaki, a ɗauka. In ana son ƙarin kaifi, a ɗauki fallen kashi biyu ko huɗu a haɗe su a kwamfuta. Daga nan a juya baƙi ya koma fari. Manhajoji na kyauta irin su GIMP da darktable suna yin wannan. Irin wannan fitila ba ta cin wuta, batirin cajin waya ma yana riƙe da yawa daga cikinsu, don haka ɗaukewar lantarki ba hujja ba ce.

Waya fa? Tana da amfani a matakin farko, don a san abin da ke cikin akwati a yi jeri. Amma kada a tsaya a nan. Kuma in an tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, ana matse shi ya rage nauyi, irin bayanan da muka ce babban fim na da su duk su zube. Wanda ya yi haka ya jefar da fim ɗin, ya sayar da sa ya karɓi fata.

A wajen sikana, ɗigo 1,200 a kowane inci ya isa yawancin buƙatunmu. Falle mai inci 4 a 5 zai ba da ɗigo 4,800 a 6,000, kusan miliyan 29 ke nan, wanda za a iya bugawa babba a rataye a zaure. In an adana shi baƙi da fari a tsarin TIFF mai zurfi, wanda ba ya matse hoto, nauyinsa bai wuce megabait 60 ba. Ma'ajiyar kwamfuta mai terabait 1 za ta ɗauki sama da irinsa 15,000. Wannan shi ne uwar kwafi, ba a taɓa shi. Daga jikinsa ake fitar da ƙaramin JPEG na rabawa.

Sai kula da fim ɗin kansa. A riƙe shi ta gefe, da hannu mai tsabta busasshe ko da safar hannu. Gefen da ba ya ƙyalli shi ne ke ɗauke da hoton, yatsa ɗaya mai gumi zai bar masa tabo na har abada. Manyan fallaye suna da 'yan tsage-tsage a kusurwa ɗaya. In ka riƙe shi a tsaye, tsagen yana sama ta hannun damanka, to gefen maganin ne ke kallonka. Ƙura a hure ta da 'yar robar hura iska, ba da baki ba, ba kuma da gefen riga ba. Kada a wanke da ruwa. In biyu sun manne, kada a ɓamɓare da ƙarfi, a ajiye su gefe. Masu warin tsami a ware su daga sauran, kuma su za a fara kwafewa. Wanda ake zaton na naitiret ne a nisanta shi da murhu da janareta da ɗakin kwana. Na gilashi a jera su a tsaye kamar littattafai, kada a ɗora wani kan wani. Bayan an gama, kowane falle ya shiga ambulan ɗinsa na takarda, a rubuta lamba da fensir a jikin ambulan, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi da bushewa a gidan, sama da ƙasa, ba cikin leda ba.

Muna jaddada wannan: kwafewa ba izinin zubarwa ba ne. Ma'ajiyar kwamfuta na mutuwa, waya na ɓata, ana rufe shafin mutum dare ɗaya. Fim ɗin da aka kula da shi ya riga ya nuna zai iya shekara saba'in. Saboda haka a riƙe uwar, a kuma yi kwafi uku a wurare dabam-dabam.

ABUBUWAN DA ZA A CE

Mun san akwai 'yan uwa da ke ƙyamar hoto saboda addini. Malamai sun yi bayani a kan wannan, kuma sun saɓa, mu ba masu ba da fatawa ba ne. Wanda ya zaɓi kada ya ajiye hoto a gidansa muna girmama shi, ba za mu matsa masa ba. Roƙonmu kawai shi ne, in kayan gado ne, ya tuna akwai sauran magada da sauran iyalan da iyayensu ke ciki, ya miƙa musu maimakon ya ƙona.

Akwai masu tsoron tonon asiri, kuma suna da gaskiya. A akwatin mai hoto akwai 'yan matan da suka je shago da kwalliyar zamaninsu, yau su ne hajiyoyin gidaje masu jikoki. Akwai auren da ya mutu, akwai abotar da ta ɓaci. Wanda ya zauna gaban kyamara a 1970 bai yi da niyyar duniya ta gan shi a Facebook ba. Don haka adanawa dabam, wallafawa dabam. Hoton taron jama'a, da kasuwa, da hawan salla, da gine-gine, babu laifi a nuna. Hoton mutum shi kaɗai, musamman mace, sai da yardarta ko ta iyalinta. Wannan ma wani dalili ne na yin aikin a gida, domin mu ne muka san wa za a tambaya.

Akwai kuma masu cewa ai yanzu akwai manhajar da ke gyara tsohon hoto ta sa masa kala. Mu yi hattara. Irin waɗannan manhajoji ba dawo da abin da ya ɓace suke yi ba, ƙirƙira suke yi. Za su ba kakanka hanci da idon da ba nasa ba, su goge masa zanen fuska suna zaton tabo ne, su rina masa riga da launin da bai taɓa sawa ba. Bayan shekara ashirin jikoki su ɗauka haka yake. Mai son yin wannan don nishaɗi ya yi a kan kwafi, ya kuma faɗa cewa an taɓa. Uwar kwafi a bar ta yadda take, da tabonta da komai.

Sai masu cewa wannan aikin gwamnati ne ko na jami'a. Muna da Jami'ar Tarayya a nan Lafia, muna da Kwalejin Fasaha ta Isa Mustafa Agwai, akwai Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Duk suna da rawar da za su taka, kuma muna fatan a kai musu kwafi in masu kayan sun yarda. Sai dai babu jami'in da ya san akwai akwati a ƙarƙashin gadon wane a Tudun Gwandara ko Bukan Sidi. Mu muka sani. In muka fara muka tara abin nunawa, zuwa neman taimako zai yi mana sauƙi.

ABIN DA MUKE BA DA SHAWARA

Na ɗaya, kowa ya bincika gida, ya kuma tambayi iyalan tsofaffin masu hoto da ya sani, waɗanda suka rasu da waɗanda suka daina sana'ar. Yawancin manyan dodannin a hannunsu suke, domin a al'adar sana'ar mai hoto ke riƙe fim, ya ba ka takarda. Da yawa daga cikinsu ba Hausawa ba ne, wasu sun zo daga kudu suka zauna tare da mu shekara da shekaru. Tarihin da ke akwatinsu namu ne gaba ɗaya, a je musu da mutunci.

Na biyu, kada a ɗauke kayan kowa. A je da fitila da kyamara gidan mai su, a yi aikin a gabansa, a mayar masa a hannu. A rubuta yarjejeniya gajera: fim nasa ne, sunan mai ɗaukar zai bi kowane hoto, ba za a sayar ko a buga don kasuwanci ba sai da izininsa, kuma in kuɗi ya shigo yana da haƙƙi.

Na uku, kowane hoto a ba shi lamba, lambar da ke kan ambulan ita ce sunan fayil ɗin. A buɗe littafi a rubuta wane ne, ina ne, wace shekara, wa ya ɗauka, wa ya ba da bayanin. In ba a tabbatar da shekara ba, a rubuta abin da aka tuna, ko da zamanin wane sarki ne ko shekarar da wane ya je Makka. A zauna da dattawa bayan la'asar, a nuna musu a babban allo, a naɗi muryarsu da izininsu. Mata su zauna da iyaye mata, domin sun fi mu sanin dangantaka.

Na huɗu, kwafi ɗaya ga mai kayan, ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a wani wuri na dabam da aka amince da shi.

Na biyar, 'yan uwanmu da ke Abuja da Legas da ƙasashen waje, waɗanda kullum ke tambayar me za su yi wa gida, ga dama ta samu. Fitila, da ma'ajiyar kwamfuta, da ambulan masu kyau, da ɗan abin sallamar matasan da za su yi aikin, ba su kai kuɗin biki ɗaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, kafin ruwa ya sauka, a ɗakin da aka rufe tagoginsa saboda ƙura. Duk daminar da ta wuce tana tafiya da wasu fuskoki. Wanda ke da irin wannan akwati, ko ya san inda yake, ya yi wa shugabannin ƙungiya magana a taro mai zuwa, kafin nan kuma ya ɗaga shi daga ƙasa ya fitar da shi daga leda.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, Ya ba ƙasar Lafia da Jihar Nasarawa zaman lafiya, Ya sa mu bar wa na baya abin da za su san mu da shi. Amin.

Daga Sakataren Ƙungiya, Lafia.